Neman Tikitin Yaya Rabi

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a bakin famfo sai an tare ni: "Malama Indo, yaya Jidda? An ce yanzu har kiɗa ake yi a fili?" Wasu na san ba labarin ne ya dame su ba, tsaraba suke nema, su kam na sallame su da dabino da bagaruwa. Sauran kuwa na gaji da ba su labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta. Amma in faɗa muku tun yanzu, mai jiran labarin kantuna da fitilu ya nemi wani matafiyin. Ni tafiyata ba ta yi daɗi ba.

Yayata Rabi na je ɗaukowa. Aure ne ya kai ta Jidda shekara ashirin da biyar da suka wuce. Mijinta haifaffen can ne, jikan mutanenmu da suka tafi aikin hajji a ƙafa suka yi zamansu. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin tasa take, da ya rasu sai takardar ta bi shi. Shekara shida ta yi ba takarda, tana suyar waina a ɗaki ana kai wa leburori, tana laɓe-laɓe in ta hango motar 'yan sanda. Sai ciwon suga ya fara cin idonta. Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne ta nemi takardar fita ta ƙarshe, wadda in ka fita da ita ba ka sa ran dawowa. Ni kuma na yanki bizar umra don in taya ta haɗa kaya, in riƙo hannunta zuwa gida.

Daga Kano ba wani abin faɗa, sai matar da ke kusa da ni a jirgi da ta yi ta salati da ƙarfi duk lokacin da jirgin ya girgiza, har ta sa ni ma na fara. Wahalar a saukar ce. Jami'in shige da fice ya ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi, na ɗora, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ashe lallen da na sha na tafiya ne ya rufe zanen yatsun. Ni da na ƙunsa don in sauka a ƙasa mai tsarki da kyan gani, ga ni tsaye ina goga hannu a hijabi, layi ya taru a bayana, saurayin nan yana ta nuna mini gilashi da biro kamar yadda nake nuna wa 'yan aji uku allo. Wata tsohuwa 'yar Gusau ce ta cece ni.

"'Yar nan, shafa yatsan a goshinki," in ji ta. "Maiƙo yake so."

Na shafa, na ɗora, fitila ta yi kore. Duk digirina ban san wannan ba.

Na wuce Makka na yi umrata. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba shi na zo faɗa ba. Kwana uku na dawo Jidda, wani direba mutumin Maraɗi, Malam Idi, wanda ke kai wa Yaya waina wuraren ma'aikata, ya ɗauke ni zuwa Waziriyya, unguwar da Yaya take zaune.

Ɗaki biyu ne a saman wani tsohon gini, ƙasansa masu gyaran esi ne da ba sa gajiya da bugun ƙarfe. Yaya ta buɗe ƙofa ta tsaya tana ƙanƙance ido, sai da na yi magana ta gane ni. Na san ta tsufa, amma ban zaci haka ba. Muka rungume juna muka yi kukanmu, sannan ta ce in cire takalmi kar in taka mata kwali, don duk ɗakin kwalaye ne a ɗaure.

Abincin safensu wake ne da aka dafa ya narke, a kwarara masa mai, a ci da wata gurasa mai faɗin faifai. Ranar farko na ce wannan ai abincin mai zuwa gona ne. Rana ta uku ni ce mai leƙa taga ko mai gurasar ya buɗe. Shayinsu kuwa a wani ɗan kofi ake ba ka shi, kurɓa biyu ya ƙare, ka rasa ko a ƙara maka za ka ce ko godiya za ka yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke kiran mata. Maƙwabciyar Yaya 'yar Yaman ce, kowa Ummu Salih yake ce mata, wato uwar Salih, ɗanta na fari. In aka kira ta haka sai ta washe baki kamar an yi mata kyauta. Ita ma tana tsaye a matakala za ta ƙwala wa ɗan kira, ta kama shi ta sumbace shi a gaban mutane, gardi da gemunsa. Na kawar da kai don kunya ta kama ni a madadinta. Mu da uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban jama'a, in ana yabonsa ma sai ta tashi ta ba da wuri.

Yaya kuwa ko a cikin masu kunya ita ta daban ce. 'Yarta ɗaya ce a duniya, Bilkisu, shekararta ashirin da uku, kuma ban taɓa jin sunan a bakinta ba. "Waccan" take cewa, ko "yarinyar nan", in da ni take magana kuma "mutuniyar taki". Bilkisu a Jidda aka haife ta, tana da tata iƙamar ta wurin shagon turaren da take aiki, don haka ita ba za ta biyo mu ba. Hausa tana jinta sarai, amma in za ta mayar sai Larabci ya riƙa shigo mata.

A lokacin ba a gida take kwana ba. An ɗauke ta cikin 'yan amshi a wani babban wasan kwaikwayo da ake yin sa da waƙa tun daga farko har ƙarshe, labarin tsohuwar Jidda da masu jiragen ruwa. Garin gaba ɗaya maganarsa ake yi. Ita da abokan aikinta an kama musu masauki kusa da zauren wasan, can arewacin gari. Ranar da ta zo gaishe ni ta faɗa jikina tana "Khala! Khala!", wato inna. Ta juya ta gaida uwarta. Yaya ta amsa tana kallon tukunya, ta tambayi tukunyar ko an ci abinci.

Da na raka ta matakala ta tsaya ta ce, "Khala, Ummi ba ta son abin da nake yi. Wallahi ko sau ɗaya ba ta tambaye ni ba. Ba ta ma kallona."

Na ce, "Kunya ce, Bilki. Ke ce ta fari."

"Kunya na me? Ni 'yarta ce, ba baƙuwa ba." Ta gyara mayafi. "Halas, shi ke nan, na saba."

Washegari muna ɗaure tukwane Yaya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Indo, wannan wasan da mutuniyar taki take yi, da tikiti ake shiga ko?"

Na ce da tikiti.

"Ki nemo mana."

Na ajiye igiya na dube ta. Ta ce, "Shekara shida ban taka inda ɗan sanda yake tsaye ba. Yanzu da takardar nan a jakata ba mai kama ni. Kwana tara ya rage mini a garin nan, idon nan kuma kin ga yadda yake. Ina so in ga inda take tsayawa." Ta ja kwali gabanta. "Amma kar ki gaya mata."

Na ce ai ita ce za ta fi saurin samo mana. Yaya ta ce in na gaya mata ta fasa. Na san halinta, na ƙyale.

Ummu Salih ce ta nuna mini yadda ake yi. Ba wani taga da za ka je ka miƙa kuɗi, a waya ake saye, kuma kullum ƙarfe sha biyu na rana ake sakin na kwanakin gaba. Da na ce wa Yaya yau za mu shiga layi, kafin in juya ta saka abaya ta ɗauko takalmi da 'yar kujerarta ta roba. Na ce layin a cikin waya yake. Ta ce wane irin layi ne wanda ba ka ganin na gabanka balle ka roƙe shi arziki?

Gaskiyarta. Sha biyu na cika na danna, waya ta ce in jira, ta nuna mini yawan mutanen da ke gabana, sun fi mutanen ƙauyenmu har da na maƙabarta. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Yaya ta zauna kusa da ni da carbi, duk minti biyu ta ce, "An matsa?" Da layi ya zo kaina aka ce in sa lambar shaida ta kowane mai shiga. Na sa lambar iƙamar Yaya, aka ce wannan lamba ba ta aiki. Kafin in lalubo takardar fitarta a ƙasan jaka an mayar da ni ƙarshen layi, kafin in sake isowa an rubuta sun ƙare.

Rana ta biyu na shirya kamar mai shiga jarrabawa, fasfo a cinya, takarda a hannu. Na samu kujera biyu. Wallahi na gan su da idona, jere na goma sha ɗaya, sun yi shuɗi, an ce an riƙe mini su na minti biyar in biya. Na sa katin bankina na gida. Aka ce an turo mini lambar sirri ta saƙo. Saƙon kuwa layina na Najeriya ya tafi, wanda na cire tun a filin jirgi na naɗe a takarda na jefa a jakar da ban tuna wacce ba ce. Na zazzage jaka uku a tsakar ɗaki. Na same shi a cikin safa, na sa a waya, kafin wayar ta gama kunnuwa kujerun sun koma toka-toka. Na yi zaman dirshan a kan kwali na zagi banki, na zagi safa, na zagi wanda ya ƙirƙiro waya. Yaya ta tashi ta ɗora shayi.

Rana ta uku ko layin ba a buɗe ba. An sayar da komai har ranar rufewa.

Malam Idi ya ji labari ya ce mu kwantar da hankali. "Hajiya, akwai wani mutumina a unguwar Khumra, ba tikitin da ba ya samowa. Yalla, ku shiga mota." Muka bi ta unguwar masana'antu, manyan motoci suna ta hura mana hayaƙi, muka shiga wasu lunguna na rumbunan ajiya inda ba mace ko ɗaya sai mu. Mutumin ya fito daga wani gareji yana goge hannu, suka yi ƙus-ƙus da Malam Idi, ya ce akwai, guda biyu, wuri mai kyau. Yaya ta damƙe hannuna. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini. Na ga hoton fili kore da raga.

Na ce, "Malam Idi, me ka ce masa muna nema?"

"Tikitin wasa mana, Hajiya. Wanda kowa ke nema."

Ƙwallo za a buga ranar Juma'a. Malam Idi "wasa" kawai ya ji, ya juya shi zuwa Larabci yadda ya fahimta. Da aka yi wa mutumin bayani ya yi dariya har da dafa mota, ya ce wancan ko ɗan gidan mai zauren ba zai samu ba. A hanyar dawowa Malam Idi ya yi ta ba da haƙuri. Ni dariyar ta so ta kama ni, sai na ga fuskar Yaya a gilashi, dariyar ta koma.

Ummu Salih ce ta sake kawo shawara. Ta ce ranar rufewa akan samu waɗanda suka saya ba su zo ba, ana sayar da kujerunsu a ƙofa dab da farawa, amma sai wanda ya riga zuwa. Wasan ƙarshe ranar Asabar ne bayan la'asar, jirginmu kuma Litinin.

Tun azahar muka isa. Duk da haka mun tarar da layi ya zagaye gini. 'Yan mata da samari ne yawanci, sai ƙamshi suke, ga mu nan a cikinsu da kujerar roba da gorar ruwa. A gabanmu kaɗan akwai wasu mata uku 'yan Waziriyya da suka san Yaya, suka juyo aka gaisa, ɗaya, Hajiya Larai, ta ce, "Hajiya Rabi, ke ma kallo?" Yaya ta ce baƙuwa ta rako.

Awa biyu layi bai motsa ba. Rana ta dake mu, ƙafar Yaya ta fara kumbura. Na duba na ga in ma kujera ashirin aka mayar ba za ta iso kanmu ba. Sai na karya alkawari. Na ce zan nemo banɗaki, na koma gefe na tura wa Bilkisu saƙon murya: muna waje a layi, ni da Umminki, tun azahar, ita ta ce a kawo ta. Na ga alamar ta saurara. Ba ta amsa ba.

Na dawo layi ban gaya wa Yaya ba. Idona yana kan waya, jira nake ta kira. Aka fara shiga, masu tikiti suna wucewa ta gefenmu suna nuna waya a ƙofa. Ana cikin wannan hayaniya wata ma'aikaciyar zauren, mai kati rataye a wuya, ta fito tana bin layi tana ɗaga murya.

"Umbalgis! Umbalgis!"

Haka kunnena ya ji. Na ɗauka wani abu take sayarwa, ko wani rukunin kujeru take kira. Ta zo daidai inda muke ta sake faɗa. Ban ko ɗago sosai ba na ce, "Yaya, me wannan take talla?"

Yaya ta ce, "Ƙyale ta."

Matar ta kai ƙarshen layi, ta duba agogo, ta koma ciki da sauri. Ba a jima ba wani ya fito ya ɗaga hannu biyu ya ce halas. Aka rufe ƙofa. Layi ya watse, wasu suna tsaki, wasu suna dariya. Muka tsaya muna jin kiɗa yana fitowa ta bango, ƙasa-ƙasa, ba a jin muryar kowa. Yaya ta ce mu ɗan tsaya. Muka tsaya har aka kira magariba, sannan na kira Malam Idi.

A mota ne, mun yi nisa, ta yi magana.

"Ni take kira."

Na ce, "Wa?"

"Matar nan. Su ba sa faɗin sunan yadda muke faɗa."

Sai a lokacin kalmar ta rabu biyu a kaina. Ummu Bilkis. Mutanen Jidda harafin ƙaf na Larabci "ga" suke faɗarsa. Na juyo gare ta. Na ce, "Yaya, kin ji? Kin ji kika yi shiru? Kwana nawa muna wahalar nan?" Na ɗaga mata murya a gaban Malam Idi, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara.

Ta ce, "Ga su Hajiya Larai a gabanmu. In ɗaga hannu in ce ni ce uwar wance?" Ta juya ta kalli taga. "Bakina ne ya ƙi buɗuwa, Indo. Na ce a raina in ta kira na huɗu zan ɗaga hannu."

Sau uku matar ta kira.

Da safe Bilkisu ta zo. Yaya tana wanka, ni na buɗe ƙofa. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce tana jin saƙona ta ruga wurin shugaban wasan ta roƙe shi, ta yi masa kuka, ya ba ta kujera ɗaya daga cikin na baƙinsa, jere na biyu. Kafin ta kira ni aka karɓe musu wayoyi, don haka ake yi kafin a hau dandamali. Shi ne ta tura ma'aikaciyar. Na ce me ya sa ba ta ce a kira Rabi ba? Ta dube ni da mamaki.

"In sa a yi ta kiran sunan Ummi a titi, Khala? Aibu ne. Na ba ta sunan da ya fi girma."

Kun ji fa. Ita ma girmamawa ta yi, irin ta garin da ta tashi.

"Duk waƙa ina kallon kujera," in ji ta. "Babu kowa. Na ce wataƙila kun tafi. Wataƙila ba ta ji ba." Ta kama hannuna. "Khala, ta ji?"

Ina da damar in ce hayaniya ta yi yawa. In ce kunnen Yaya ya fara nauyi, wa zai ƙaryata ni? Amma ni malamar makaranta ce, na saba da cewa in ka yi bayani za a gane. Na ce, "Ta ji, amma ki tsaya in gaya miki..."

Ba ta tsaya ba. Ta saki hannuna ta ce, "Halas, Khala." Na bi ta har matakala ina faɗin kwana uku a waya, da Khumra, da kumburin ƙafa, da yadda muka tsaya jikin bango har magariba. Tana sauka tana gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda ya riga ya ji abin da zai ji.

Ta zo filin jirgi ranar Litinin, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta tura mana kaya, ta cike mana takardu, ta sumbaci uwarta a ka. Yaya ta ce wa akwati Allah ya yi albarka, a riƙa cin abinci. Bilkisu ta ce amin. Da muka wuce shinge Yaya ta juya tana ƙanƙance ido cikin taron, ta ce, "Tana nan?" Na duba. Na ce tana nan, tana ɗaga hannu. Wannan karon na yi ƙaryar, amma ba a inda take da amfani ba.

Yanzu Yaya tana ɗakin da ke kusa da nawa. Idon hagu ya tafi, ana ƙoƙarin ceto na dama. Bilkisu takan turo saƙo jefi-jefi, ni take turo wa, gajere, rabi Larabci. Na yi mata dogon bayani sau biyu, ta amsa da hoton fure. Kowace Juma'a in na dawo daga makaranta Yaya takan bari sai na ci abinci na sha ruwa, sannan ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Indo, kin ji daga mutanen Jidda kuwa?"

Mutum ɗaya gare mu a Jidda.